Tarihin da Ke Rubuce a Fuskar Uwar Allo

A ɗakin ajiya na gidan rediyon da nake aiki akwai wata tsohuwar kwamfuta mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta riga ni zuwa gidan da shekaru masu yawa. A cikinta ne magabatanmu suka adana hirarrakin da suka yi da dattawan gari wajen shekarar 2000, masu ba da tarihin unguwanni da tsofaffin fatake da ungozomai da makaɗa. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wata safiya bara na kunna ta don in ɗauko muryar wani tsoho da zan sa a shirina, fanka ta juya, amma allon kallo ya ƙi kawo komai. Mai gyaranmu dattijo ne da ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun ban zo duniya ba. Ya buɗe ta, ya yi aune-aunensa, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, uwar ce ta mutu."

Abin da yake nufi shi ne babban faifan nan mai faɗi da ke shimfiɗe a cikin akwatin kwamfuta, wanda kowane sashe ke jone a jikinsa. Masu gyara a wajenmu suna ce masa kartimer, ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa modabod, kuma a Faransanci da Ingilishi duka sunan uwa ya fito. Ni zan riƙa cewa uwar allo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a cire faifan ajiyar a juye abin da ke ciki a sabuwar kwamfuta? Shi muka fara yi. Sai dai abin da ya fito tarin fayiloli ne masu lambobi, ba suna ba kwanan wata, kuma an daddatsa su gunduwa-gunduwa. Manhajar da ta san wace gunduwa ce ta wane tsoho ba ta tashi sai ta ga abubuwa biyu: wani katin sauti na musamman da ke shiga wani dogon baƙin rami da aka daina yi tun tuni, da wani ɗan makulli da ake cusawa a kafar firinta mai ƙofofi 25. Dole dai a nemo wata uwar allon irin ta da. Mun zaga kasuwa ba mu samu ba, muka koma intanet, inda masu sayar da tsofaffin kaya daga Turai suke baje hotuna.

Hoton farko da ya ja hankalinmu mai kayan ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa ta Pentium II ce, kuma tana aiki. Kuɗinta da na aikowa sun haura jaka arba'in na sefa, kuma idan ta zo ba daidai ba, ba mai karɓar ta. Na ce, "Baba, mu biya mana." Ya ce in jira, shi ba ya sayen akuya da jin kukanta kawai, sai ya duba haƙora. A cikin makonnin da suka biyo baya na fahimci cewa duba haƙoran uwar allo karatun tarihi ne, domin kowane rami da kowace lamba da ke jikinta saura ce ta wata rigima ko wata yarjejeniya da aka yi tsakanin kamfanoni a wata shekara sananniya. Wanda ya san labarin zai kalli hoto ya faɗi shekarun allon da abin da zai iya ɗauka, ko da mai sayarwa bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye.

Littafin da IBM ya buɗe wa duniya

Labarin ya faro ne ranar 12 ga Agusta 1981, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa mai lamba 5150 a kan dala 1,565. Wata ƴar ƙaramar tawaga ce ta ƙera ta a garin Boka Raton na jihar Fulorida a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, cikin kimanin shekara guda. Saboda gaggawa ba su tsaya ƙera komai da kansu ba. Sun sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, daga Intel, samfurin 8088 mai gudun megahaz 4.77, suka karɓi babbar manhaja daga Microsoft. A jikin allon suka jera ramuka biyar, kowane mai haƙora 62, don duk mai so ya ƙera kati ya cusa. Sannan suka buga littafin da ya bayyana zanen wayoyin allon gaba ɗaya, har da rubutun BIOS, ƴar manhajar da ke tayar da kwamfuta daga barci kafin komai ya fara.

Wannan buɗe ƙofar shi ya jawo abin da ya biyo baya. Kamfanin Compaq na birnin Hustan ya sa injiniyoyinsa suka rubuta nasu BIOS ɗin mai yin aiki iri ɗaya ba tare da kwafar na IBM ba, ya fara sayar da kwamfutarsa a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix ya yi irin wannan, shi kuma ya ce duk mai kuɗi ya zo ya saya. Daga nan kowa ya samu damar ƙera abin da zai yi aiki kamar na IBM.

IBM bai tsaya ba. A 1983 ya fitar da XT mai ramuka takwas da faifan ajiya na megabayit 10. A Agustan 1984 ya fitar da AT mai furosesa 80286, ya ƙara wa ramukan tsawo da haƙora 36, suka zama 98, suna ɗaukar bit 16 a lokaci guda a maimakon 8. Wannan dogon baƙin rami mai gida biyu shi ne wanda katin sautinmu yake nema. A AT ɗin ne kuma aka fara sa agogo mai batir a jikin allon, don kwamfuta ta riƙa tuna kwanan wata da tsarinta ko an kashe ta. Batirin nan zai sake fitowa a labarinmu, kuma ba da alheri ba.

Allon AT ya yi girma ƙwarai, ya kai santimita 30 a faɗi, sai aka rage shi zuwa kimanin 22 da 33, aka kira sabon da Baby AT. Shi ne ya mamaye kasuwa na kusan shekara goma. Gane shi a hoto ba wuya: kafa ɗaya tak ce ke leƙowa ta bayansa, zagayayya mai ƙofofi biyar, ta allon rubutu. Wutarsa kuma tana shiga ta filogi biyu masu waya shida-shida da ake jerawa kusa da juna. Tsofaffin masu gyara duk sun haddace dokar: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su ya ƙone allon.

Alluna marasa suna

Dalilin da ya sa gano asalin tsohuwar uwar allo ke da wahala yana komawa ga abin da ya faru daga 1985. A wajen lokacin ne kamfanin Chips and Technologies na Kalifoniya ya tattara aikin gomman ƙananan aisi da ke jikin allon AT ya cusa shi cikin guda biyar. Aisi su ne baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da yawa da ake gani manne a jikin kowane kayan lantarki. Da samuwar wannan saiti, ƙera uwar allo ya daina buƙatar babban ɗakin bincike. Mutum ya sayi saitin aisi a nan, ya sayi BIOS daga Phoenix ko Award ko AMI, ya haɗa.

Tsibirin Taiwan ne ya fi kowa cin moriyar wannan. Gwamnatinsa ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, kamfanin da daga baya ya zama Acer kuwa yana nan tun 1976. Gigabyte da MSI sun kafu a 1986, wasu injiniyoyi huɗu da suka bar Acer suka kafa ASUS a 1989. Waɗannan su ne suka yi suna. A bayansu akwai ƙananan masana'antu birjik a Taiwan da Hon Kon, daga baya da kudancin Sin, masu ƙera alluna ba tare da buga sunansu a jiki ba, domin ɗan kasuwa a Jamus ko Dubai ya saya da yawa ya manna nasa tambarin a kwali. Kwalin ya daɗe da ruɓewa, littafin ya ɓace, allon ya rage shi kaɗai. Shi ya sa mai sayarwa a yau sau da yawa ba ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma a ɗakin ajiyar kakansa ya tsince ta, ya rubuta abin da ya yi zato.

Rigimar ramuka

Ramukan da ke jere a ƙasan allo su ne shaida ta farko da ake dubawa, kuma kowane launi yana da shekarunsa. A Satumban 1986 Compaq ya riga IBM fitar da kwamfuta mai furosesa 386, abin da ya nuna cewa ragamar ta fara suɓucewa daga hannun mai ita. IBM ya yi yunƙurin ƙwato ta a Afrilun 1987 da jerin kwamfutocin PS/2, masu sabon rami da ake kira MCA, wanda tsofaffin katuna ba sa shiga, kuma duk mai son ƙera irinsa sai ya biya lasisi mai tsada. Kamfanoni tara, Compaq na gaba, suka haɗa kai a 1988 suka fito da nasu mai suna EISA, wanda tsohon kati ke shiga lafiya. A cikin wannan takaddamar ne aka raɗa wa tsohon ramin AT sunan ISA, don a nuna cewa na kowa ne, ba na IBM kaɗai ba. MCA da EISA duk ba su yi nisa ba a kwamfutocin gida, ISA ya ci gaba da zamansa.

Da 486 ya fito a 1989, hotuna suka fara yi wa ISA nauyi, sai ƙungiyar VESA ta ƙirƙiro wani ƙarin rami a 1992, mai ruwan ƙasa, da ake jonawa a layi ɗaya da baƙin. Idan ka ga rami mai gida uku, dogo kamar sanda, to kusan tabbas allon na 486 ne na tsakanin 1992 da 1995. Rayuwarsa ta yi gajarta domin Intel ya fito da PCI, gajerun ramuka farare, waɗanda suka bazu tare da Pentium daga 1993. A 1997 aka ƙara AGP, rami guda mai ruwan ƙasa da ke ɗan ja da baya daga layin sauran, na katin hoto kawai.

Ƙarshen ISA ya zo ne da takarda. Microsoft da Intel sun fitar da wani kundin ƙa'idoji mai suna PC 99, wanda ya matsa wa masu ƙera kwamfuta su rabu da tsohon ramin. Kundin nan ne kuma ya raba wa kafofin baya launuka, ta allon rubutu shunayya, ta linzami kore. Saboda haka allon da ke da kafofi masu launi da wuya ya girmi 1999, wanda ke ɗauke da ISA da PCI da AGP a tare kuwa ya faɗo ne a ƴar tazarar da ke tsakanin 1997 da wajen 2001. A cikin wannan tazarar muke farauta.

Tagwayen da ba su jituwa

A 1995 Intel ya fitar da sabon tsarin shimfiɗa allo mai suna ATX, milimita 305 da 244. Ya tattara kafofin baya wuri guda, ya maye gurbin filogi biyun nan masu haɗari da guda ɗaya mai ƙofofi 20 da ba ya shiga a juye. Akwatinmu na ATX ne, don haka duk wani Baby AT ya fita daga lissafi. Ko a nan ma akwai tarko, domin a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Dell ya yi amfani da filogi mai siffar ATX sak amma da jerin wayoyi na kansa, wanda idan aka haɗa shi da akwatin wuta na gama-gari ana iya asarar duka biyun. Allon da aka ciro daga kwamfutar babban kamfani yana buƙatar bincike na musamman.

Sai mazaunin furosesa. Yawancin mazaunai fararen murabba'ai ne masu ɗan hannu a gefe, kuma an rubuta sunansu a jiki. Socket 3 na 486 ne, mai ƙofofi 237. Socket 7 na 1995 yana da 321, kuma shi ne mazauni na ƙarshe da kowa ya zauna a ciki: Pentium na Intel da K6 na AMD da 6x86 na Cyrix duk suna shiga. A Mayun 1997 Intel ya tashi daga wannan zaure, ya sa Pentium II cikin wani baƙin kwanso mai kama da kaset, wanda ake cusawa a tsaye cikin rami mai haƙora 242 da ake kira Slot 1, kuma bai ba abokan hamayyarsa izinin shiga ba. Da AMD ya fitar da Athlon a 1999, sai ya ɗauki wannan ramin dai, tunda masana'antu sun riga sun saba ƙera shi, ya juya shi gaba ya koma baya, ya canza abin da kowane haƙori ke ɗauka, ya kira shi Slot A. A ido tagwaye ne, amma furosesan wannan ba ya aiki a ramin wancan.

Nan ne hoton farko ya faɗi jarrabawa. Baba ya sa na roƙi mai kayan ya ɗauko mana hoton manyan aisi biyu da ke jikin allon daga kusa. Babban yana ƙarƙashin ƙarfen sanyaya, ba a ganin rubutunsa. Ƙaramin, wanda ke kusa da fararen ramuka, an rubuta masa AMD-756. Allon Athlon ne. Mutumin ya ga dogon rami ya ɗauka Pentium II ne, kuma da mun biya da mun karɓi abin da furosesanmu ba zai taɓa tashi a kansa ba. Abin da muke nema ya gani a wurin shi ne 82371EB na Intel, abokin tafiyar saitin 440BX da ya fito a Afrilun 1998, wanda masu gyara har yau suke yabo saboda juriyarsa.

Ramukan ram ma suna ba da shaida. Gajeru masu haƙora 30 na zamanin 286 da 386 da farkon 486 ne. Masu 72 sun yi zamani da ƙarshen 486 da farkon Pentium. Dogaye masu 168 da tsaga biyu su ne na zamanin da muke nema, masu 184 da tsaga ɗaya kuwa sun fara daga 2000.

Kowane zamani da cutarsa

Gano asalin allo rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin cutar da ke kama ƴan shekarunsa. Alluna na zamanin 386 da 486 an fi manna musu wani batir mai siffar ƴar ganga, shuɗi ko kore, kusa da kafar allon rubutu. Idan ya tsufa yakan zubo da wani ruwa mai kaifi da ke cin jan ƙarfen hanyoyin wuta, ya bar tsatsa mai launin kore-shuɗi, har ya bi ta ƙarƙashin fenti inda ido ba ya gani. Mai sayarwar da ya ɗauki hoto ta ko'ina ya tsallake wannan kusurwa, a tambaye shi dalili. Wasu allunan kuma an sa musu wani baƙin akwati ɗan ƙarami mai tambarin Dallas, wanda agogo da batir ke rufe a cikinsa. An yi shi ne ya yi kimanin shekara goma, kuma idan ya mutu kwamfutar takan manta tsarinta duk lokacin da aka kashe ta. Wanda ya ga farin batir mai kama da kwabo, CR2032, ya huta da waɗannan biyun.

Tsakiyar shekarun 1990 ta zo da cutar ha'inci. Akwai wasu aisi na ajiyar wucin gadi da ke ƙara wa 486 sauri, kuma suna da tsada a lokacin. Wasu masu ƙera alluna masu araha suka riƙa manna baƙaƙen robobi masu ƙafafu da babu komai a cikinsu, suka gyara BIOS ya riƙa shelar cewa ajiyar tana nan. Masu bincike sun bi hanyoyin wutar da ke fita daga ƙafafun suka tarar suna zagayawa ne su dawo, ba su zuwa ko'ina. A zamanin ne kuma ƴan damfara ke goge lambar gudun furosesa su buga wadda ta fi ta, abin da ya sa Intel ya fara kulle gudun nasa a 1998. Darasin da masu saye suka ɗauka shi ne rubutu ɗaya ba ya isa shaida, sai ya yi daidai da sauran abin da ke kewaye da shi.

Cuta ta uku ita ce ta kwandansa, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da mazaunin furosesa. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000, miliyoyinsu sun riƙa kumbura suna fashewa tun ba su yi rabin kwanansu ba. Rahotannin da mujallun injiniyoyi suka buga a 2002 da 2003 sun danganta abin da wani haɗin sinadari da aka ce an sato daga wani kamfanin Japan ba cikakke ba, aka yi ta amfani da shi a wasu masana'antun Taiwan. Ruwan da ke ciki yakan haifar da iskar haidirojin, gwangwanin ya kumbura. Lafiyayyar kwandansa kanta a shafe yake. Wadda ta yi tozo, ko ta fitar da wani abu mai ruwan ƙasa a ka ko a gindi, ta gama aiki. Allo na biyu da muka duba na Slot 1 ne na gaskiya, amma da muka nemi hoto daga gefe, ba daga sama ba, sai ga guda biyar sun yi tozo. Baba ya ce zai iya canza su, amma ba a kan wannan farashin ba, mai kayan kuma ya ƙi ragi.

Lambobin da ke faɗin gaskiya

Akwai shaidu uku da suka fi wuyar ƙirƙira. Ta farko lambar kwanan wata. Yawancin aisi suna ɗauke da lambobi huɗu, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. 9832 na nufin mako na 32 na 1998. Allo ba zai girmi mafi ƙuruciyar aisin da aka manna masa a masana'anta ba, don haka idan an duba uku ko huɗu aka ga sun taru a watanni kaɗan, an san lokacin haihuwarsa.

Ta biyu layin rubutun da ke fitowa a ƙasan allon kallo daidai lokacin da aka kunna kwamfuta. A BIOS na Award, wannan layin yana ɗauke da kwanan wata da wasu haruffa da ke tona asiri. 2A69K na nufin saitin 440BX, haruffa biyun da ke biye kuma su ne na wanda ya ƙera: G0 Gigabyte, A1 Abit, kamfanin da ya rufe a ƙarshen 2008. Neman hoton wannan layin jifa ɗaya ne tsuntsu biyu, domin wanda ya ce allonsa na aiki dole ya kunna shi kafin ya ɗauka. Kwanan watan yana da wani amfanin: BIOS na kafin 1994 ba ya ganin faifan da ya wuce megabayit 528, na kafin 1998 da yawa suna tsayawa a gigabayit 8.4, wasu na Award na kafin tsakiyar 1999 kuma sukan sandare idan faifai ya haura 32.

Ta uku lambar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, wadda haruffanta uku na farko ke nuna kamfanin da ya yi rajista, kuma rajistar a buɗe take ga kowa. An sassauta dokar a 1996, shi ya sa ba a cika ganin lambar a kayan da suka biyo baya ba. Idan an haɗa waɗannan da adadin ramuka da wurin da kowace kafa take, sai a gwada da zane-zanen dubban tsofaffin alluna da masu sha'awar abin suka tattara a intanet, a nemo littafin allon, a san yadda ake jera ƴan hulunan robar da ke saita gudu da ƙarfin wuta. Lambar bita da ke kusa da sunan samfuri ita ma a duba ta, domin samfuri ɗaya na iya fitowa sau uku ko huɗu, kuma ba duka ke ɗaukar furosesa iri ɗaya ba.

Abin da muka ƙone

Wani abu ya tsaya mini a rai a duk tsawon wannan nema. Irin waɗannan allunan sun shigo yankinmu da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kwantenoni sun riƙa sauke tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka a tashoshin Legas da Kwatano da Tema, masu aiki da matattu a gauraye, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da suka yi magana a kan safarar shara mai guba. Masu aiki sun shiga shagunan buga takardu da makarantu da gidajen rediyo irin namu. Matattun sun ƙare a hannun ƴan gwangwan. A Agbogbloshie ta birnin Akara, kafin hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021, samari ne, da yawansu daga arewacin Gana, ke fasa kwamfutoci suna ƙona wayoyi don jan ƙarfe, alluna kuma a auna su a kilo a sake fitar da su waje don a tace ɗan zinaren da ke haƙoransu. Ba wanda zai ga laifin mai neman abinci. Sai dai abin da aka sayar a kilo shekara goma sha biyar da suka wuce, shi muke nema yau ɗaya-ɗaya a hannun Bature da kuɗin jirgi a kai.

Allo na uku wata mata ce a Faransa ta sa a kasuwa, ta rubuta gaskiyarta cewa ba ta san ko mene ne ba, na mahaifinta ne. Ta yi haƙuri da mu ƙwarai. Hoto na farko ya nuna baƙaƙen ramuka uku da farare huɗu da mai ruwan ƙasa ɗaya, da kafar firinta a baya. Na biyu ya nuna 82371EB. Na uku ya nuna lambobin da suka faɗo a ƙarshen 1998, tsakanin fararen ramukan kuma ga sunan samfurin, P2B na ASUS. Na huɗu daga gefe ta ɗauka, kawunan kwandansa duk a shafe. Ba ta da abin da za ta kunna shi da shi, don haka layin BIOS bai samu ba. Baba ya daɗe yana kallon hotunan a wayata, yana buɗa su da yatsu biyu, sannan ya ce, "Shaidu huɗu sun yi magana da baki ɗaya. Biya, sauran na Allah ne."

Kunshin ya yi mako biyar a hanya, ya iso Yamai, wani direban mota ya ƙaraso mana da shi. Baba ya canza batir, ya mayar da furosesanmu da ram da katin sauti, ya cusa makullin a kafar firinta. Da ya danna, kwamfutar ta yi ƙara ɗaya gajera, alamar lafiya, lambobin ram suka fara ƙirguwa. Manhajar ta buɗe da jerin sunaye da ranaku kamar jiya aka rufe ta. Muryar farko da muka saurara ta wata tsohuwa ce tana bayanin yadda ake haƙa rijiya a unguwarsu kafin zuwan famfo, tana yi tana tari, wani yaro na kuka a bayanta.

Mun shafe wata biyu muna juye hirarrakin ɗaya bayan ɗaya zuwa tsarin da kowace waya za ta iya buɗewa, da sunan kowane mai magana da ranar da aka ɗauka, muka ajiye su a wurare uku. Matacciyar uwar allon kuwa Baba ya hana a jefar. Ya naɗe ta a takarda, ya rubuta samfurinta da shekararta a bayan da alƙalami, ya sa ta a saman kabad, ya ce wata rana wani zai zo neman ɗaya daga cikin aisinta.